Nam June Paik: mutumin da ya kwance bayan talabijin, da hasumiyar da ya bar wa masu gyara

A watan Fabrairun 2018 hukumar gidan adana kayan fasahar zamani na ƙasar Koriya ta Kudu, wanda ke Gwacheon, kudu da birnin Seoul, ta sa aka kashe wutar wata hasumiya da ke tsaye a tsakiyar ginin tun 1988. Babu bulo ko ɗaya a jikinta. Talabijin ce aka ɗora kan talabijin har guda 1,003, tsayinta mita 18 da rabi. Masu duba wayoyin lantarki sun ce in aka ci gaba da kunna ta a haka gobara na iya tashi. Mai ita, Nam June Paik, ya shekara 12 da mutuwa a lokacin, kamfanonin da ke ƙera irin waɗannan akwatuna masu ƙaton baya kuma duk sun daina. Sai gidan ya wayi gari da tambayar da ba a saba yi wa zanen fenti ko sassaƙen dutse ba: in na'urar da aka yi aikin da ita ta mutu, me ya rage na aikin?

Ba a gane nauyin wannan tambaya sai an san abin da mutumin ya yi da talabijin tun farko.

An haife shi a Seoul ranar 20 ga Yulin 1932, lokacin Koriya na hannun Japan. Shi ne auta a gidan wani hamshaƙin mai masaƙa. Da yaƙin Koriya ya ɓarke a 1950 iyalin suka fice zuwa Hong Kong, daga can sai Japan. Ya gama Jami'ar Tokyo a 1956, kundin digirinsa a kan mawaƙin kiɗan nan Arnold Schoenberg ya rubuta shi, a shekarar kuma ya wuce Jamus ta Yamma don ƙaro ilimin kiɗa a Munich da Freiburg. Wato har ya kai shekara 25 kiɗa ya sa a gaba, ba hoto ba. Makaɗi ne, ɗan gata, mai kunnen fiyano.

A 1958 ya haɗu da John Cage, makaɗin Amurka, a taron bazara na masu sabon kiɗa a Darmstadt. Cage na koyar da cewa duk wani sauti, har tarin mai kallo da ƙarar kujera, yana iya zama kiɗa, kuma abin da ya faru bisa tsautsayi ba a share shi. Paik ya ɗauki wannan magana ya wuce da ita inda malamin ma bai nufa ba. A 1960, a wani ɗakin fasaha a birnin Kolon na Jamus, yana tsakiyar kaɗa fiyano sai ya diro cikin 'yan kallo da almakashi, ya datse laktayin da ke wuyan Cage. A 1962 ya ɗaga goge irin na Turawa sannu a hankali, kamar mai tsoron kada ya tashi jariri, da ya kai shi saman kansa sai ya maka shi da teburi ya tarwatse. A shekarar ya shiga cikin 'yan Fluxus, gungun masu fasahar da suka ɗauki raha da tsokana a matsayin sana'a. Wanda ya tsaya nan zai ce ɗan mai kuɗi ne ke ɓarnar kaya, ni ma ban ga laifin mai faɗin haka ba. Sai dai a daidai wannan lokaci yana can a ɓoye yana haɗiye littattafan lantarki, yana sayen tsofaffin talabijin yana kwance bayansu.

Wuppertal, Maris 1963

Daga 11 zuwa 20 ga Maris na 1963 aka yi bajekolinsa na farko a Galerie Parnass, gidan wani masanin zanen gine-gine mai suna Rolf Jährling, a garin Wuppertal. Mai shiga sai ya bi ta ƙarƙashin kan bijimi da aka yanko aka rataye a bakin ƙofa. A ciki akwai fiyano da aka cusa wa tarkace iri-iri a cikin wayoyinsu, har Joseph Beuys, wani mai fasaha Bajamushe, ya zo da gatari ya farfasa ɗaya. A bango an manna zaren kaset tsiri-tsiri an giggitta, an ciro kan da ke karanta sauti daga cikin rikoda an ba mai kallo a hannu, ya goga shi a kan zaren da ya ga dama, da saurin da ya ga dama. Kowa da kiɗan da zai ji. Da dare kawai ake buɗe wurin, domin a Jamus ta wancan zamani da yamma ne tashar talabijin ke aiki, shi kuwa yana buƙatar shirin da ake watsawa kai tsaye don ya sami abin da zai lanƙwasa.

Talabijin kusan dozin guda ya zube a ƙasa a ɗaki ɗaya, kowace da irin cutar da ya sa mata. A nan sai an ɗan leƙa cikin akwatin. Tsohuwar talabijin kwalba ce babba da aka zuƙe iskar cikinta. A can ƙuryar wuyanta akwai wani bututu mai harbo siririn zaren lantarki zuwa gilashin gaba, wanda aka shafe cikinsa da hoda mai walƙiya in zaren ya taɓa ta. A wuyan kwalbar an naɗa wayoyin tagulla masu aikin maganaɗisu, kashi ɗaya na jan zaren hagu da dama, ɗaya kashin na jan sa sama da ƙasa. Da haka ɗigo ɗaya tak yake share allon layi bayan layi, layi 625 a tsarin Jamus, cikin saurin da ido ba ya kamawa, sai mutum ya ga fuska cikakkiya. Ashe hoton ba ajiyayye ba ne, ana zana shi ne sabo a kowane ƙiftawar ido. Abin da Paik ya gano ke nan: duk wanda ya sa hannu a kan waɗannan wayoyi ya karɓi alƙalamin daga hannun tashar.

Ya juya wa wata hoto, baƙi ya koma fari. Wata ya sa hotonta na naɗewa. Wata ya haɗa ta da rediyo, ƙarfin sautin ne ke buɗa hasken yana tsuke shi. Amma wadda ta fi zama a bakin mutane ba shi ya yi mata komai ba. A hanyar kawo ta ne ta lalace, aka kunna sai ga layi ɗaya fari kwance a tsakiyar baƙin allo. Duk mai gyaran talabijin na da ya san wannan ciwo: ɓangaren da ke jan zaren sama da ƙasa ne ya mutu, sai layukan nan ɗaruruwa suka taru a wuri guda. Mai gyara zai ɗauko dalma da ƙarfen liƙi. Paik ya ɗaga akwatin ya tsayar da shi a kan gefensa, layin ya miƙe tsaye, ya raɗa masa suna Zen for TV, ya bar shi a haka. Darasin Cage ne ya fito a allo.

'Yan jaridar da suka zo, kan bijimin nan ya fi ɗauke musu hankali. Sai bayan shekaru aka dawo ana cewa a ɗakin nan aka haifi fasahar bidiyo.

Hannuwan da ke bayansa

A 1963 ɗin ya je Tokyo, inda ya haɗu da injiniya Shuya Abe. Wannan haɗuwa, a ganina, ta kai ta Cage muhimmanci, ko da yake ba a cika ba ta hakkinta ba. Paik na da tunani da rashin tsoro, Abe ya san inda kowace waya ta dosa. Tare suka ƙera mutum-mutumi mai tafiya da rimot, Robot K-456, wanda ke yawo a titi yana fitar da muryar shugaba Kennedy daga bakinsa yana zubar da wake ta baya. Da wannan mutum-mutumi Paik ya sauka New York a 1964, kuma birnin ya zama gidansa.

A 1965 ya yi aikin da na fi so a duk ayyukansa, don babu wanda ya fi shi sauƙi. Talabijin baƙi-da-fari, da wani ƙaton mayen ƙarfe a ɗore a samanta, shi ke nan Magnet TV. Mayen ƙarfen na fizgar zaren lantarkin daga hanyarsa, sai hoton ya narke ya koma wasu zarurruka masu lanƙwasa kamar hayaƙi. A matsa da shi kaɗan, siffar ta sāke. Wanda ya taso a gidan da ke da tsohuwar talabijin mai kala, ya taɓa ciro maganaɗisun bayan lasifika ya kusanta shi da allo, ya ga fuskar mai karanta labarai ta koma shuɗi da kore kafin a kai masa rankwashi, to ya yi abin da Paik ya yi. Bambancin, yaron ya ɗauka ɓarna ya yi, ya ɓoye maganaɗisun. Paik ya kira jama'a su zo su yi da hannunsu. Damuwarsa ita ce akwatin nan magana yake yi ba ya saurare, mai kallo na zaune ana ɗura masa. Yana son hannun mai kallo ya shiga ciki.

A shekarar ne kuma aka sami labarin da ake yawan maimaitawa: ranar 4 ga Oktoba ya sayi na'urar ɗaukar bidiyo ta Sony, ya ɗauki ayarin Fafaroma Paul na Shida da ke ziyara a New York, da dare ya nuna a wani wurin shan kofi mai suna Café au Go Go. Masana tarihi na jayayya kan ko wace na'ura ce, domin ƙaramar nan mai batir da ake ratayawa a kafaɗa sai a 1967 ta fito kasuwa. Ko ma wace ce, abin da ya canza a bayyane yake. Kafin lokacin ɗaukar hoton bidiyo sai tasha mai injuna cike da ɗaki. Yanzu mutum ɗaya na iya ɗauka da rana ya nuna da dare, ba wankin fim, ba neman izinin kowa.

Sai Charlotte Moorman, gwanar kaɗa celo, wato ƙaton gogen da ake jinginawa tsakanin gwiwoyi. Ta yi karatun kiɗa na gaske, ta yarda ta zama jikin da Paik ke gwada tunaninsa a kai. A Fabrairun 1967 'yan sandan New York suka tsayar da wani wasansu ana tsakiyar yi, saboda ta fito ba cikakkiyar sutura. Ita aka gurfanar, ita aka samu da laifi, ko da yake an jingine hukuncin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk da haka ba ta janye ba. A 1971 ya ƙera mata celo na talabijin uku da aka jera aka ɗaura wa tsirkiya, tana goga shi hotunan da ke allunan na motsi.

Babbar nasarar Paik da Abe ta zo ne a tashar WGBH ta Boston tsakanin 1969 da 1970. Sun haɗa wata na'ura mai karɓar hoto daga kyamarori da yawa a lokaci guda, ta zuba wa baƙi-da-fari launi, ta cakuɗa, ta miƙar, ta murɗe, duk nan take da murɗa maɓalli. Burin Paik shi ne a riƙa kaɗa hoto yadda ake kaɗa fiyano. A ranar 1 ga Agustan 1970 aka gwada ta a iska, awa huɗu cur kai tsaye. Abin da wayar hannu ke yi yau da taɓawa ɗaya, a canza launin fuska ko a narkar da ita, a wancan lokaci tarin akwatuna ne da wayoyi kamar taliya, da mutum biyu da suka yi watanni ba barcin kirki.

Saboda haka laƙabin "uban fasahar bidiyo" da ake ba shi ina karɓarsa ne da taka-tsantsan. A 1963 ɗin Wolf Vostell, mai fasaha Bajamushe, shi ma yana lalata hoton talabijin a nasa ayyukan. Steina da Woody Vasulka, waɗanda suka kafa The Kitchen, wurin nuna fasahar bidiyo, a New York a 1971, sun fi shi nutsewa cikin binciken siginar kanta. Shigeko Kubota, wadda ya aura a 1977, mai fasahar bidiyo ce mai cin gashin kanta, amma sau da yawa matar Paik kawai ake kiranta. Abin da ya fi su da shi iya janyo ido ne, da iya shiga ofisoshin masu ba da tallafi da tashoshi ya fito da abin da yake so.

Daga ɗaki ɗaya zuwa duniya

A 1973 ya yi Global Groove a tashar WNET ta New York. Shirin ya buɗe da albishir cewa wata rana mutum zai iya kama kowace tasha ta duniya, littafin jerin shirye-shirye kuma zai yi kaurin kundin lambobin wayar Manhattan. Daga nan sai masu rawa na Amurka, sai tallar Pepsi ta Japan, sai makaɗiyar ganga ta Koriya, sai waƙar ƙabilar Nabaho, ana tsalle daga wannan zuwa wancan ba sallama. Wanda ya kalle shi yau zai ga kamar yatsa ne ke ture bidiyo bayan bidiyo a waya. A 1974, cikin wani rahoto da ya rubuta wa Gidauniyar Rockefeller, ya kawo shawarar a shimfiɗa abin da ya kira babban titin lantarki, wanda zai haɗa birane da wayoyi da tauraron ɗan'adam. Shekara kusan 20 bayan haka 'yan siyasar Amurka suka fara irin wannan magana a kan intanet, shi kuma ya yi ta tsokanar cewa sace masa aka yi.

A 1974 ɗin dai ya yi TV Buddha. Mutum-mutumin Buddha na zaune gaban ƙaramar talabijin, kyamara na bayanta tana ɗaukarsa, hotonsa na fitowa a allon kai tsaye. Yana kallon kansa, ba ya motsi, hoton ma ba ya motsi, alhali kowane daƙiƙa sabo ne. Mai kallo in ya leƙa don ya ga allon da kyau, sai ya ga kansa ya faɗo ciki. Mutumin da ya yi suna da hayaniya, ga shi aikinsa da aka fi sani babu ko tari a cikinsa.

Ranar 1 ga Janairun 1984 ya haɗa New York da Cibiyar Pompidou ta Paris ta tauraron ɗan'adam, aka kama a Jamus da Koriya ta Kudu, masu kallo kimanin miliyan 25. Sunan shirin Good Morning, Mr. Orwell, martani ga marubucin Ingila George Orwell, wanda a littafinsa mai suna 1984 ya siffanta allon da hukuma ke leƙen kowa da shi. Paik ya ce rabin gaskiya kawai Orwell ya faɗa, allon na iya haɗa mutanen da teku ta raba. Siginar ta yi ta yankewa, ɓangarorin biyu suna saɓa wa juna lokaci, bai damu ba, a wurinsa wannan ne shaidar abin kai tsaye ne. A nan nake ganin hasashensa ya yi rauni. Wayoyin da ya hango an shimfiɗa su, kowa ya sami kyamara a aljihu, mai kallo ya zama mai watsawa kamar yadda ya so. Amma allon da ke kallon mai kallonsa, yana tara bayanin abin da ya taɓa da inda ya kwana, shi ma ya zo, ta kan titin nan dai. Rabin Orwell ya fi nauyin da Paik ya ba shi.

A 1984 ɗin ya koma Koriya bayan shekara 34, aka karɓe shi kamar gwarzo. Sauran tarihin na lambobin yabo ne: kujerar farfesa a makarantar fasaha ta Düsseldorf tun 1979, Zakin Zinariya na bajekolin Venice a 1993 a rumfar Jamus tare da mai fasaha Hans Haacke, taswirar Amurka ta fitilun neyon da talabijin 336 a 1995, wadda ke gidan Smithsonian a Washington. A 1996 shanyewar ɓarin jiki ta kama shi ta ɓangaren hagu, ya ci gaba da aiki a keken guragu. Ya mutu a Miami ranar 29 ga Janairun 2006. A wurin taron bankwana da shi a New York aka raba almakashi, kowa ya datse laktayin na kusa da shi.

Komawa ga hasumiyar

Don wasannin Olamfik na Seoul aka gina ta a 1988. Sunanta Dadaikseon, wato gwargwadon yawa gwargwadon kyau, kusan abin da muke nufi da sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Adadin 1,003 nuni ne ga 3 ga watan 10, ranar da Koriyawa ke bikin kafuwar ƙasarsu. Samsung ne ya ba da akwatunan, girmansu daga inci 6 zuwa 25, manya a ƙasa, ƙanana a can ƙololuwa, mai kallo na hawa wata hanya mai zagaye yana kewaya ta.

Yawan nan ne ya zame mata ciwo. Kwalbar talabijin na da iyakar kwana. Hodar allon na dusashewa, bututun da ke harbo zaren na gajiya, ƙananan kayan ciki na bushewa da zafi. Akwati dubu a cunkushe wuri guda, ana kunna su kullum, zafin da suke fitarwa kaɗai ya isa ya ƙarasa su. A 2003 aka sauya su gaba ɗaya, lokacin ana iya samun sababbi. Bayan nan sai faci: wannan ta mutu a nemo tsohuwa a sa, waccan ta yi duhu a ciro kaya daga wata a liƙa mata. Lee Jung-sung, mai gyaran lantarki da ya yi aikin haɗa hasumiyar tun farko kuma ya bi Paik ƙasashe yana haɗa masa ayyuka, ya zama mutumin da ba a iya yin komai sai an tambaye shi.

Bayan kashewar 2018 ra'ayi ya rabu. Wasu suka ce a cire kwalaben duka a sa allunan zamani marasa kauri, ai hotunan da ke gudana su ne aikin, Paik kuma bai taɓa tsoron sabuwar na'ura ba, duk wadda ta fito shi ne kan gaba wajen saye. Wasu suka ce ina, mutumin da duk fasaharsa ta taso daga zaren lantarkin da ke cikin kwalba, a raba shi da kwalbar? Hujjarsu na da ƙarfi. Hasken kwalba daban yake, yana da ɗan ƙyafƙyafi da ɗumi, gilashin na da tumbi, ana ganin hoton ta gefe. Kuma akwai ayyukan da sauyin zai kashe su murus. Ɗora mayen ƙarfe a kan allon zamani, ko gezau hoton ba zai yi ba, don babu zaren da za a fizga. Layin Zen for TV kuwa ciwo ne na kwalba, allon zamani ba ya kamuwa da shi, sai dai a zana masa layin ƙarya.

Ni dai ina ganin hasumiyar ba ta kai waɗancan biyun tsanani ba, tunda bidiyo ake tura mata daga waje, ba cikin kwalbar ake wasa da shi ba. Amma duk wanda ya ce siffar akwatin ba ta da muhimmanci, bai tsaya a gindin talabijin dubu ya ɗaga kai ba.

A 2019 gidan ya sanar da matsayarsa: za a riƙe kwalaben iya yadda za a iya, inda ya gagara a shigo da sabuwar fasaha ba tare da an taɓa siffar waje ba. Aka shekara uku ana aikin, ana farautar tsofaffin akwatuna a kasuwannin kayan gwanjo na gida da waje. A ƙarshe guda 737 aka gyara su ko aka musanya su da tsofaffi masu sauran rai. Guda 266, ƙananan nan na sama masu inci 6 da 10, aka bar musu ƙoƙonsu na asali aka zura allon zamani a ciki. Ranar 15 ga Satumban 2022 aka sake kunna ta.

Da aka buɗe, ƙa'idar da aka sa ita ce kwana huɗu a mako, awa biyu a rana, don a ja wa kwalaben kwana. Wanda ya zo a wani lokacin daban, baƙaƙen gilasai 1,003 zai tarar suna kallonsa. A ɗakin ajiya kuma ana ci gaba da tara duk tsohuwar talabijin mai aiki da aka samu.